Tafiya Neman Ganin Tsuntsu: Abu Markub da Masu Kallon Tsuntsaye a Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ce wane ya fita neman tsuntsu, abin da zai fara zuwa a rai shi ne maharbi sanye da kan burtu, ko yaro da danƙonsa, ko kuwa mai ɗana tarko a bakin fadama. Dukkansu nama suke nema. To, amma akwai wani irin mai neman tsuntsu wanda zai tara kuɗi shekara da shekaru, ya biya jirgi, ya keta ƙasashe, ya tsaya cikin rana da sauro, don kawai ya ɗora ido a kan tsuntsu guda na 'yan mintoci. In ya gan shi, sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a ɗan littafi, ya juya gida cike da murna, ba tare da ya taɓa ko gashinsa ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi wa ɗalibai bayanin wannan ɗabi'a, ta hanyar ɗaukar misali daga biranen Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan. Za a duba ma'anar kallon tsuntsaye, da dalilin da ya sa tsuntsaye ke taruwa a waɗannan birane, da tarihin wani tsuntsu mai suna Abu Markub wanda ya daɗe yana jawo matafiya zuwa Sudan. Haka kuma za a dubi yadda ake shirya irin wannan tafiya, da yadda Larabcin Sudan da Hausa ke raɗa wa tsuntsaye suna, sannan a rufe da abin da yaƙin 2023 ya yi wa wuraren da tsuntsayen ke sauka.

2.0 Mene ne Kallon Tsuntsaye?

Kallon tsuntsaye shi ne fita daji ko bakin ruwa ko lambu domin a ga tsuntsaye a inda suke rayuwa, a gane irinsu, a kuma rubuta abin da aka gani. A ƙarni na 19, masu nazarin tsuntsaye a Turai da Amurka da bindiga suke aiki. Sai sun harbo tsuntsu, sun feɗe shi, sun busar da fatarsa da gashinta, sannan su tabbatar da irinsa. Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali. Na farko shi ne samuwar madubin hangen nesa mai sauƙin ɗauka. Na biyu kuwa shi ne ƙananan littattafai masu zanen tsuntsaye waɗanda ke shiga aljihu, irin wanda Roger Tory Peterson ya fitar a Amurka a 1934. Tun kafin nan ma, a 1900, wani masani mai suna Frank Chapman ya ba da shawarar a riƙa ƙidaya tsuntsaye a lokacin Kirsimeti maimakon gasar harbinsu da aka saba yi, kuma har yanzu ana wannan ƙidaya kowace shekara.

A duniya akwai tsuntsaye kimanin iri 11,000. Mafi yawan masu kallo sukan ajiye jerin sunayen duk irin da suka taɓa gani a rayuwarsu. Wata Ba'amurkiya, Phoebe Snetsinger, ta ga sama da iri 8,000 kafin rasuwarta a wani haɗarin mota a Madagaska a 1999, tana cikin irin wannan tafiya. A 2024 wani tsohon jami'in diflomasiyyar Amurka, Peter Kaestner, ya kai iri 10,000.

2.1 Tsuntsun da Ba Safai Ake Gani Ba

Idan masu kallo suka ce tsuntsu yana da wuyar gani, suna iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa huɗu:

(a) Wanda yawansa ya ragu ƙwarai a duniya baki ɗaya, har ana tsoron ƙarewarsa.
(b) Wanda yake da yawa, amma ba a samunsa sai a wani ɗan yanki.
(c) Wanda ya yi ɓatan kai, iska ko guguwa ta jefa shi ƙasar da ba tasu ba. Alal misali, a watan Fabrairu na 1989 an ga wani ɗan tsuntsun Amurka a yankin Kent na Ingila, sai dubban mutane suka yi dafifi a unguwar don su gan shi.
(d) Wanda ya zama ruwan dare a wani wuri, amma baƙo ne ga mai kallon.

Kashi na huɗu ya fi saura ban sha'awa ga Bahaushe. Shamuwar da ke sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar ƙauye, wadda yara ke yi wa waƙa in ta iso, ba ta zuwa Turai. Saboda haka Baturen da ya zo Sudan ko Nijar da damina yakan yi farin cikin ganinta kamar ya tsinci dami a kala. Ke nan, wuyar gani ba koyaushe take ga tsuntsun ba. Wani lokaci tana ga inda mai kallon ya fito.

3.0 Dalilin Taruwar Tsuntsaye a Hartum da Umdurman

Hartum na zaune ne a mahaɗar koguna biyu. Farin Nilu yana tasowa daga yankin tabkin Biktoriya a kudu, Shuɗin Nilu kuma yana gangarowa daga tabkin Tana a ƙasar Habasha. Inda suka haɗu ana kiransa Mugran. Umdurman tana yamma da ruwan, Hartum ta Arewa kuma, wadda ake ce wa Bahri, tana ɗaya ƙetaren. An kafa Hartum a shekarun 1820, zamanin mulkin Turkawa da Misirawa, ita kuwa Umdurman ta bunƙasa daga 1885, lokacin da ta zama hedkwatar daular Mahadi.

Yankin busasshe ne. Ruwan saman da ke sauka a shekara yawanci bai kai milimita 200 ba, kuma kusan duk a tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Wannan bushewa ita ce sirrin wurin. Miliyoyin tsuntsaye na barin Turai da yammacin Asiya idan sanyi ya gabato, su nufo Afirka. A gabansu akwai hamadar Sahara, inda babu ruwa babu inuwa. Kogin Nilu ya ratsa wannan hamada kamar koren zare, don haka tsuntsaye da yawa sukan bi shi, ko su faɗo gare shi bayan sun ƙetare rairayi. Duk wanda ya tsaya a bakin kogin daga Satumba zuwa Maris zai ga baƙi da 'yan gida a haɗe.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi halin kogunan biyu. A watannin Agusta da Satumba, Shuɗin Nilu yakan cika ya taho da ƙarfi, har ya tare wa Farin Nilu hanya. Sai ruwan Farin Nilu ya ja da baya, ya malale gaɓarsa. In ambaliya ta janye, takan bar taɓo mai cike da tsutsotsi da ƙananan kifaye, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke isowa da yunwa.

Wuraren da masu kallo suka fi zuwa kafin 2023 su ne:

(a) Dajin Sunut, a gaɓar Farin Nilu kusa da Mugran. Sunut shi ne sunan bagaruwa da Larabcin Sudan, itacen nan da majema ke amfani da 'ya'yansa wajen jima. Bagaruwa na jure tsayawa cikin ruwa na watanni, shi ya sa dajin ya rayu a wurin da ambaliya ke rufewa kowace shekara. Tun zamanin mulkin Ingila aka keɓe shi, aka hana sara da farauta.
(b) Tsibirin Tuti, a tsakiyar biranen uku, mai gonakin kayan lambu da lemo. Kafin a gina masa gada a ƙarshen shekarun 2000, sai da jirgin fito ake shiga.
(c) Madatsar ruwa ta Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, kimanin kilomita 40 kudu da Hartum.
(d) Gaɓar Umdurman, inda masunta ke gyara kifi, shirwa da zalɓe da belbela na jiran rabonsu.

A waɗannan wurare akan ga kwasakwasa da jinjimi da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa. Akan kuma ga wani dangin gauraka mai ruwan toka da farin gashi a bayan ido, wanda 'yan Sudan ke kira rahaw. Daga ƙasashen da ke arewa da Bahar Aswad da kewayen tekun Kasbiyan yake zuwa cin rani. Sannan akwai wani dangin marai, wato tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa, mai launin jan ƙasa, wanda masana ke kira Ploceus badius. Kusan ba a samunsa a wata ƙasa sai Sudan da Sudan ta Kudu, don haka ya shiga kashi na (b) da aka ambata a baya.

4.0 Abu Markub

4.1 Sunansa da Siffarsa

Markub shi ne takalmin fata da mazan Sudan ke sawa tare da jallabiya da rawani. Duk wanda ya taɓa shiga layin masu takalma a kasuwar Umdurman ya san shi: rufaffe ne, mai faɗi, ba shi da igiya. Da Larabawan da ke fatauci a Farin Nilu suka ga wani ƙaton tsuntsu mai baki kamar wannan takalmi, sai suka ce masa Abu Markub, wato mai takalmi.

Tsayinsa yakan kai santimita 110 zuwa 140, wato ya kai ƙirjin babban mutum. Launinsa toka-toka ne, ƙafafunsa dogaye, yatsunsa kuma zara-zara, abin da ke ba shi damar tsayawa a kan ciyawar da ke yawo bisa ruwa. Bakinsa ya kai kimanin santimita 20, da ƙugiya mai kaifi a ƙarshensa. Abincin da ya fi so shi ne gaiwa, sai tarwaɗa da kwaɗi da macizan ruwa. Dabararsa ta farauta haƙuri ce. Yakan tsaya cik kamar gunki na tsawon lokaci a wurin da iska ta yi ƙaranci a cikin ruwa. Da yake dole gaiwa ta taso sama ta shaƙi iska, tana ɓullowa sai ya faɗa mata da dukkan nauyinsa. Macen takan yi ƙwai ɗaya zuwa uku, amma galibi ɗa guda ne ke rayuwa. In rana ta yi zafi, iyayen kan ɗebo ruwa a baki su zuba wa ƙwan ko ɗan don ya huce. An daɗe ana ɗaukarsa dangin shamuwa, amma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ya fi kusa da kwasakwasa.

Ƙiyasin masana ya nuna waɗanda suka rage a duniya 'yan dubbai ne, ba su kai 10,000 ba. Abubuwan da ke rage su sun haɗa da busar da fadamu, da gobarar daji, da shanun da ke tattake sheƙa, da kuma masu kama 'ya'yan suna sayarwa a ƙasashen waje.

4.2 Matafiyan da Suka Neme Shi

Abu Markub ba ya zama a Hartum. Gidansa shi ne manyan fadamun da ke ɗaruruwan kilomita a kudu, musamman yankin da ake kira Sudd, inda ciyawa ke toshe Farin Nilu. Amma a wancan zamani babu hanyar shiga Sudd daga arewa sai ta Hartum. A nan ake hayar jirgin ruwa, a ɗauki matuƙa da tafinta, a sayi guzuri, kuma nan ake dawowa da abin da aka samo.

A ƙarshen 1840 wani ayarin jiragen ruwa da Muhammad Ali Basha na Masar ya tura ya tashi daga Hartum don neman mafarin Farin Nilu. A cikinsa akwai wani Bajamushe, Ferdinand Werne. Mutanen da ke masa farauta sun ba shi labarin wani ƙaton tsuntsu mai baki irin na kwasakwasa amma ba jaka a ƙarƙashi. Shi dai bai gan shi da idonsa ba. Bayan kimanin shekara goma, wani matafiyi ɗan Ingila, Mansfield Parkyns, ya kai fatar tsuntsun Landan, inda masanin tsuntsaye John Gould ya siffanta shi, ya raɗa masa sunan kimiyya Balaeniceps rex. Ma'anar sunan da Latin ita ce sarki mai kai irin na ƙatuwar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira hut. A 1860 John Petherick, ɗan kasuwa kuma wakilin Ingila a Hartum, ya kai guda biyu da ransu gidan namun daji na Landan.

A tsakiyar wannan ƙarni Hartum ta zama matattarar masu nazarin tsuntsaye, irin su Jamusawa biyu, Alfred Brehm da Theodor von Heuglin, waɗanda suka zauna a birnin suna tattara samfura. A watan Maris na 1910 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kammala doguwar tafiyarsa ta farauta a Hartum, kuma cikin tsuntsayen da ayarinsa ya harbe wa gidan tarihi har da Abu Markub.

Sauyi ya zo a shekarun 1920 ta hannun Bengt Berg, ɗan ƙasar Suwidin. Da farko ya biyo gaurakin ƙasarsu har zuwa Farin Nilu don ya ga inda suke cin rani, ya fitar da littafi a kan haka a 1922. Daga baya ya koma neman Abu Markub, ya fitar da littafi mai wannan suna a 1924. Abin da ya fi muhimmanci a aikinsa shi ne hotuna da fim na tsuntsu mai rai a mazauninsa. Littafin ya yaɗu a Turai, kuma ta dalilinsa mutane da yawa suka san sunan Larabcin.

Ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta sami 'yancin kai, yankin Sudd kuma ya faɗa cikinta. Mafi yawan masu son ganin Abu Markub yanzu fadamar Mabamba suke zuwa, a bakin tabkin Biktoriya kusa da Entebbe a Yuganda, ko fadamar Bangweulu a Zambiya. A Mabamba masuntan yankin ne ke tuƙa baƙi cikin kwalekwale, ana biyansu. Tsuntsun da a da suke ganin kishiyarsu ne a kan gaiwa ya zama hanyar cin abincinsu, don haka su ne kan gaba wajen tsaronsa.

5.0 Baƙo daga Kazakistan

Misali na biyu ya nuna cewa neman tsuntsu mai wuyar gani ba shagala ba ce kurum. Akwai wani dangin zakaran ƙeƙuwa da masana ke kira Vanellus gregarius. Yana ƙwai ne a filayen Kazakistan, kusa da ƙauyuka, inda dabbobi suka cinye ciyawa ta zama gajera. A 2004 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Matsalar ita ce ba a san takamaiman hanyar da yake bi ba in ya bar gida, balle a san abin da ke kashe shi.

A 2007 masana suka ɗaura wa wasu 'yan kaɗan ƙaramar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam. A watan Oktoba saƙon ɗaya daga cikinsu ya fito daga kudu maso gabashin Turkiyya. Da masu kallo na ƙasar suka bi sawu, sai suka tarar da garke na sama da 3,000, adadin da ya zarce abin da wasu ke zaton ya rage a duniya. Daga nan biyu daga cikin masu na'urar suka ci gaba har tsakiyar Sudan, tafiyar kimanin kilomita 8,000. An shafe wajen shekara hamsin ba a rubuta ganin irinsa a ƙasar ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa harbi a kan hanya na cikin manyan dalilan raguwarsa.

Darasin a nan shi ne, na'ura tana iya nuna wuri, amma sai mutum ya taka ya je sannan a san ko tsuntsu ɗaya ne ko dubu, me suke ci, wa ke damunsu. Gani ya kori ji.

6.0 Shirin Tafiya da Ladubbanta

Mai niyyar irin wannan tafiya yakan fara da lokaci. A yankin Hartum, daga Oktoba zuwa Maris ne ya fi dacewa, domin zafi ya sauka, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. A Mayu da Yuni zafi kan wuce digiri 40, ga kuma guguwar ƙura da ake kira habub. Wanda ke son shamuwa kuwa dole ya zo da damina. A cikin yini ma, daga fitowar alfijir zuwa hantsi ne tsuntsaye suka fi motsi, sai kuma bayan la'asar.

Kayan aiki ba su da yawa: madubin hangen nesa, da littafin gane tsuntsaye, da littafin rubutu, da ruwan sha, da tufa marar ƙyalli. Littafin da Cave da Macdonald suka fitar a 1955 ya daɗe yana zama madogara a kan tsuntsayen Sudan, sai taswirar yaɗuwarsu da Gerhard Nikolaus ya buga a 1987. Kafin rabuwar ƙasar an rubuta sama da iri 900 a cikinta.

Wajen gane tsuntsu, ana duba girmansa a kwatanta da wanda aka sani, kamar a ce ya ɗara kurciya bai kai hazbiya ba. Ana duba siffar baki, da tsawon ƙafa, da launin fiffike in ya tashi, da yadda yake tafiya. Sannan a saurari kuka, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya ce ya ga baƙon tsuntsu, ana bukatar ya kawo hoto ko cikakken bayani, domin wannan fage kacokan a kan amana yake. Wanda aka taɓa kamawa da ƙarya, ba a ƙara karɓar maganarsa.

Ladubban sun haɗa da: kada a matsa wa tsuntsu har ya tashi, musamman baƙon da ya iso a gajiye, kada a taɓa sheƙa, kada a bayyana wurin sheƙar tsuntsun da ake sacewa, kada a shiga gonar mutum sai da sallama da izini. A ƙasashe da yawa, ciki har da Sudan, fito da madubi ko kyamara kusa da gada ko barikin soja na iya jawo wa mutum tsarewa, don haka neman izinin hukuma da ɗan jagora na gari wajibi ne.

7.0 Sunayen Tsuntsaye a Larabcin Sudan da Hausa

Ga ɗalibin harshe, sunan Abu Markub ƙofa ce ta wani babi. Kalmar abu asalinta uba, amma a irin waɗannan sunaye aikin da "mai" ke yi a Hausa take yi. Dubi waɗannan misalai:

1. Abu Markub: mai takalmi
2. Abu Minjal: mai lauje, wato jinjimi, saboda lanƙwasar bakinsa
3. Abu Si'in: mai salka, wato borin tunke, saboda jakar da ke reto a wuyansa
4. Abu Gardan: mai kaska, wato belbela, saboda bin shanu

A nan an lura cewa Larabci ya fi karkata ga kwatanta siffar tsuntsu da wani kayan amfanin yau da kullum. Hausa kuwa tana da hanyoyi da dama. Akwai sunayen da suka yi kama da kukan tsuntsun ko motsinsa, galibi masu ninki, irin su kwasakwasa da tsattsewa. Akwai harɗaɗɗun sunaye masu amfani da mahaɗi, irin su zakaran ƙeƙuwa da borin tunke. Akwai kuma kirari, kamar yadda ake ce wa belbela ci da motsin wani.

Shamuwa na da sunaye uku masu ba da labari. 'Yan Sudan na ce mata simbiriya, kuma kamar Hausawa, suna ɗaukar isowarta albishir ne na damina, ba sa cutar da ita. Sunanta na kimiyya, Ciconia abdimii, an ba ta shi a 1823 don girmama Abidin Bey, gwamnan Dongola a arewacin Sudan. In damina ta wuce, kudancin Afirka take komawa, inda ruwa ke sauka a lokacin, tana bin fara da tsutsa.

Akwai Hausawa masu yawa a Sudan. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yawansu manoma ne da masunta, wato mutanen da suka fi kowa sanin tsuntsayen kogi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi nazarin yadda Hausarsu ke cuɗanya da Larabci. Tambayar da ɗalibi zai iya bi ita ce: wane suna Bahaushen Sudan ke ba tsuntsun da kakanninsa ba su sani ba a Kano ko Sakkwato? Aro yake yi, ko fassara, ko faɗaɗa ma'anar tsohon suna?

8.0 Yaƙi da Makomar Wuraren

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Asarar rayuka ita ce babba, kuma ba a haɗa ta da komai. Amma muhalli ma ya sha kashi. Da iskar gas da wutar lantarki suka yanke, itace da gawayi suka zama abin girki da abin sayarwa, sai aka sassare mafi yawan bagaruwar dajin Sunut. Mazauna Tuti sun sha ƙawanya har yawancinsu suka fice, gonaki suka bushe. Gidan adana halittu na Jami'ar Hartum, inda aka ajiye samfuran tsuntsaye na shekaru masu yawa, ya lalace, dabbobin da ke raye a cikinsa kuma suka mutu saboda ma'aikata sun kasa isa gare su. A watan Maris na 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓe tsakiyar birnin.

A irin wannan hali ne ake gane darajar ɗan littafin mai kallo. Duk wanda zai sake dasa dajin Sunut yana bukatar sanin waɗanne tsuntsaye ne ke sauka a can, nawa ne, a wane wata. Amsar tana cikin rubuce-rubucen malamai da ɗaliban Sudan, da na baƙin da suka tsaya a bakin ruwa suna ƙidaya, ciki har da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu tun 1967. Abin da aka rubuta aka yaɗa ya tsira. Abin da aka bari a ɗaki ɗaya, ko a cikin ka, ya tafi.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tafiya neman ganin tsuntsu ta faro ne da bindiga, ta koma ga kyamara da madubi, kuma Hartum da Umdurman sun ga dukkan waɗannan matakai. An ga cewa mahaɗar kogunan Nilu da ambaliyarsu ne ke tara tsuntsaye a wurin, an kuma ga yadda Abu Markub da baƙon Kazakistan suka nuna amfanin zuwa a gani da ido.

Ɗalibin Hausa ba ya bukatar zuwa Sudd kafin ya fara. Fadamun Haɗeja da Nguru na karɓar dubban baƙin tsuntsaye daga Turai kowane rani. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa a 2001, kuma a duwatsun yankin akwai wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su siffanta shi ba sai a 1998, wanda baƙi ke zuwa gani daga nesa. Aikin da ya fi gaggawa kuwa shi ne na sunaye. Maharba da masunta da makiyaya tsofaffi sun san sunayen tsuntsaye da kirarinsu da lokacin zuwansu, yaran birni kuwa da wuya su wuce ungulu da tattabara da hankaka. Ɗalibin da ya zauna da irin waɗannan dattawa, ya rubuta suna, ya haɗa shi da hoton tsuntsun da wurin da aka gan shi, ya yi wa harshen Hausa da ilimin kimiyya hidima a lokaci guda.